Biyu a Keji, Ɗaya Wurin Goggo

Kun cika ni da tambaya a kan hannuwana. Wata ma ta rubuto wai ko a banɗaki na zame, irin na tsofaffi. Ban zame ba. Ku natsu ku ji, ba na maimaita magana.

Wanda yau ya fara karantawa, ni mai walda ne. Ƙofa, taga, gado, keji, duk na ƙera, kuma ba a taɓa dawo min da aikina ba. Makaranta ban yi nisa ba. Matata ta rasu. Manyan 'ya'yana kowa na gidansa. Wadda ta rage a gabana ita ce Auta, wadda mutane ke kira Dakta tun da ta gama digirin digirgir a kan kwamfuta. Ba ta allura, ba ta ba da magani. Na gaji da yi wa maƙwabta wannan bayani.

Aikinta na'urori uku ne, baƙaƙe, kowace ba ta wuce bulo girma ba. Abin da aka rubuta wa ɗaya, sauran biyun sun sani. Wata rana na tambaye ta amfaninsu.

Ta ce, "Baba, kamar shaidu uku ne. In ɗaya ta mutu, biyun da suka rage za su gaskata juna, aiki ya ci gaba. In biyu suka mutu, ta ƙarshen sai ta kama bakinta, don ba ta da mai gaskata ta."

"To me ya sa kika watsa su kamar kaji?"

"Don kada abin da ya ci ɗaya ya ci sauran."

Na ji ta. Ban ce na yarda ba.

Ɗaya tana ƙarƙashin tebur a ɗakinta. Ɗaya tana shagona, a kan wani katako can sama inda tartsatsi ba ya kaiwa. Ta ukun tana gidan ƙanwata, wadda duk muke kira Goggo, a saman sif, tsakanin kwanukan da ba ta bari a taɓa. Kowace da batirinta da farantin solarta. Wanda ya haɗa musu wutar shi ne Mai Sola, kuma ta nan ya shigo mana gida.

Ba zan yi muku ƙarya ba, yaron ya kwanta min. Dogo ne, rigarsa kullum a goge, turarensa na riga shi shigowa, amma tafin hannunsa da kanta. Ina girmama hannu mai kanta. In ya zo gaishe ni har ƙasa yake durƙusawa. Auta ce ta zaɓe shi da kanta, ba wanda ya tura ta. Ya ce zai jira ta gama karatu, ya kuma jira.

Sai ga maganar aikin nan. Wata cibiyar bincike ce a ƙasa mai nisa. Suna ɗaukar waɗanda suka gama digirin digirgir kwanan nan, su ba su albashi da gida da ɗakin aiki mai cike da na'urori, shekara biyu, mutum ya bi binciken da ya sa a gaba. Sabbin gamawa kawai suke so. In bana ta wuce Auta, baɗi ta tsufa musu. Ta nema, ta tsallake tankaɗe na farko. Saura intabiyu ta kwamfuta, inda za su kalli na'urorinta suna aiki da duk abin da suka tara wata da watanni, sannan su ce ta kashe ɗaya a gabansu, su ga ko sauran za su tsaya da ƙafarsu.

Gida ya ɗauki zafi. Yayyenta suka dinga kira.

"Karatun nan ba ya ƙarewa ne?"

"Tsohon fa, wa za ki bar wa?"

Ni ma na sa baki. Na ce mata, "Yaro ya jira. Ki zauna."

Ta ce, "Baba, kai ka taɓa barin ƙarfe ya huce a tsakiyar aiki don wani ya gaji da jira?"

Na ce ta rufe min baki. Ta rufe. Amma ba ta janye ba.

Ana saura kwana kaɗan a yi intabiyu, da yamma, ina tsakar gida na ɗora buta zan sha shayi, Mai Sola ya yi sallama, Auta ta fita. Ƙofar gidana ni na ƙera ta, kuma na san ba ta tare magana. Ina ji.

Auta tana cewa, "Sun yarda mutum ya zo da iyalinsa. Ka zo mu tafi tare. Can ma ana sa sola."

"In bi ki in zama me? Mai wanke miki kwano?"

"To ka jira ni."

"Na jira digiri na biyu. Na jira na uku. Abokaina 'ya'yansu na makaranta, ni ina jiran kwamfuta ta ba ni izini. Ɗauko wayar nan ki rubuta musu kin fasa."

"Ba zan fasa ba."

"Maimaita."

"Na ce ba zan fasa ba."

Ƙarar da na ji ba ta tafa hannu ba ce. Na san ƙarar hannu a kan fuska. Sai ta biyu. Sai ƙarar waya a kan siminti, da diddige a kanta.

Ban san lokacin da na isa ƙofa ba, butar tana hannuna. Auta na jingine da bango, mayafinta a ƙasa, jini na bin haɓarta yana sauka kan farar rigarta. Shi kuma ya sake ɗaga hannu. Na kwaɗa masa butar a gefen kai, ruwan zafin ya bi wuyansa. Ya kurma ihu. Na ƙara masa a baki. Na ji haƙori ya ba da hanya. Ya faɗi kan babur ɗinsa, ya tashi da rarrafe, ya ja shi da gudu kafin ya hau. Ya bar takalmi ɗaya. Har yanzu yana nan, ban yar ba.

Na ɗauki mayafin na danna mata a leɓe. Abin da ta fara cewa shi ne, "Baba, wayata ce ke gaya min lafiyar na'urorin."

Na ce, "Lafiyar bakinki fa?"

Goggo ta zo da kanta ta tafi da ita. Ta ce ba za ta bar yarinya a gidan da maza biyu ke haukan juna ba.

Da Mai Sola ya rasa ta a waya, sai ya koma tawa. Karatuna a hankali yake, amma ina kaiwa ƙarshe. Saƙon farko: "Baba ka yafe ni, sharrin Shaiɗan ne." Ban amsa ba. Na biyu: "Baba ka sa baki, ina sonta, in ta tafi mutuwa zan yi." Ban amsa ba. Sai ya aiko da murya, bakinsa a kumbure, yana kuka yana zagi a haɗe. Na ƙarshen gajere ne: "Ni na ɗora su, ni zan sauke su. Mu ga abin da za ta nuna."

Na karanta shi har na haddace. Na san abin da yake nufi, kuma ya san inda kowace take, don shi ya ja musu waya. Ƙofar ɗakin Auta katako ce. Sif ɗin Goggo ko yaro ya tura zai faɗi. Na shekara da shekaru ina kare dukiyar mutane, kuma hanya ɗaya na sani: abin da kake so, ka tara shi wuri ɗaya, ka kewaye shi da ƙarfe, ka sa kwaɗo, ka zauna a gabansa.

Na ajiye aikin mutane na shiga ƙera keji. Rodi mai kauri na sa, tazarar da hannu ba ya shiga. Bene uku, kowane da farantin ƙarfe. Na haɗa bayansa da ginshiƙin shago, na bi kowace gaɓa ciki da waje. Maƙwabcina Mai Faci ya leƙo yana goge hannu da tsumma.

"Tsoho, zaki za ka kawo mana?"

"Uwar zaki."

"Wannan ko bankin gwamnati albarka."

Ana gobe intabiyu na sauko da ta shagon na sa ta a benen ƙasa. Na je gida na cire ta ɗakin Auta da batirinta, na kawo na sa a na tsakiya, na mayar da kowace waya ramin da na gan ta. Fitilarta ta yi ja, ta yi ƙifce-ƙifce, ta koma kore. Na ce ashe abin ba wuya. Sai na nufi gidan Goggo ɗauko ta uku. Auta ba ta nan, ta je a duba ɗinkin leɓenta.

Goggo ta tsaya a gaban sif ta riƙe ƙugu. "Yaya, da izinin wa?"

"Da izinin wanda ya haife ta."

"Ta ce ko ƙura kada in share a kai. Ni da kwanukana ma sai da na nemi izini."

"Matsa."

"Ba zan matsa ba. Ka buge ni da buta ni ma."

"Ke tun kina yarinya kanki kamar dutse yake."

"A wurin wa na gani?"

Na ce in abin ya lalace a hannunta kada ta ƙara taka gidana. Ta ce dama gidan nawa ba kujera mai daɗi. Na fito ina huci. Benen sama ya kwana babu kowa.

Da safe ina buɗe shago Auta ta iso. Goggo ta gaya mata. Ta riga ta yi shirin intabiyu: doguwar riga shuɗiya mai duhu, a goge, mayafi ruwan toka, agogon mahaifiyarta a hannu. Ta shafa hoda ta rufe kumburin, amma ɗinkin na nan baƙi a leɓenta. Ta tsaya gaban kejin ta kalle shi kamar an nuna mata kabari.

"Baba, me ka yi?"

"Na tsare miki kaya."

"Biyu ne a nan."

"Da uku ne, ba don Goggonki ba."

"Baba, don Allah buɗe. In mayar da ɗaya gida yanzu, akwai sauran lokaci."

Makullin yana wuyana a igiya, cikin riga. Na dafa shi. "Bayan kin gama da mutanenki."

"Shekarun da na yi ina karatu, duk a kan kada a yi wannan ne. Wannan ɗin da ka yi."

"Shekarun da na yi ina walda sun ninka naki. Kawo wanda zai karya wannan in gani."

"Ba sai ya karya ba, Baba."

Ban tambaye ta me take nufi ba. Ƙarar babur ce ta katse mu.

Mai Sola ya shigo ba sallama. Rigar jiya da shekaranjiya ce a jikinsa, babu guga babu turare. Wuyansa ya yi bororo inda ruwan ya bi, idanunsa jawur. Guntun bututun ƙarfe na hannunsa. Daga baya na ji ya fara zuwa gidana, ya ɓalle ƙofar ɗakinta ya tarar da wayam. Ya kalli Auta, ya kalli kejin, ya ƙirga fitilu biyu kore. Sai ya yi dariya da bakin nan mai giɓi.

"Tsoho, ka rage min tafiya."

Na ce, "Auta, bayana."

Ya ce mata, "Dakta, magana ɗaya. Ki ce kin fasa, in ajiye wannan, in durƙusa a gabanki a gaban kowa."

Ta ce, "Ko babu aikin, kai da ni mun gama tun ranar nan."

Na ɗauki guduma. Shi yaro ne, ni tsoho, wannan kawai. Na kai masa, ya goce, ta sauka a kafaɗarsa maimakon kai. Bututun ya same ni a haƙarƙari, numfashina ya tsaya. Na riƙe rigarsa na sa masa goshi a hanci, jininsa ya wanke min fuska. Muka faɗi kan tarin rodi. Ya hau kaina ya danna gwiwa a ƙirjina. Auta ta ɗauki tsinken ƙarfe ta zabga masa a baya, ya juya ya hankaɗa ta, kanta ya bugi ƙafar tebur. A cikin kokawar rigata ta yage, ya ga igiyar. Ya fizge ta har ta yanke min wuya. Ya miƙe ya wurga makullin waje, na ji faɗawarsa cikin kwata.

Ya gwada kejin. Ku ji wannan da kyau. Ya doke shi da bututu iya ƙarfinsa, ya doki kwaɗon, ya sa ƙafa ya ja. Ko motsi. Bututun ne ya lanƙwashe.

Sai idonsa ya sauka kan galan ɗin fetur na janareta.

Ya tuttula shi ta tsakanin rodin. Ina ƙasa ina neman numfashi, na kama ƙafarsa, ya taka min fuska. Ya ƙyasta ashana. Wutar ta tashi da wani irin gurnani, ta lashi rufi. Ya fita da gudu, hannun rigarsa na ci, ya hau babur.

Auta ta rarrafo, jini a goshinta. Ba ta yi ihun mata ba. Ta riƙe ni ta ce, "Ɗaya, Baba. Ɗaya kawai nake buƙata. Ta wurin Goggo tana da rai. In na samu ɗaya sun zama biyu."

Na miƙe. Babu makulli. Injin yankan ƙarfe sai da janareta, man janareta kuwa shi ke ci a gabana. Na ɗauki babbar guduma na doki ƙofar kejin. Na doki gaɓar da na san ita ce ta ƙarshe da na haɗa. Ba ta ba ni ba. Ni na yi ta, ba ta san ni ba.

Mai Faci ya faɗo da bokitin yashi yana salati. Ya watsa, wutar ta ja baya ta dawo. Na ce, "Jak! Kawo jak ɗin mota!"

Ya kawo. Muka kwantar da shi tsakanin rodi biyu a benen ƙasa, na tokare da guntun ƙarfe. Mai Faci na juyawa, gashin hannunsa na ƙonewa, yana cewa, "Tsoho, Allah ya isa tsakanina da waldarka!" Rodin ya yi ƙara, ya buɗe kaɗan. Ya ƙara. Ta benen tsakiya ta riga ta tafi, roba na ɗiga kamar kitse, batirinta na tofar da wuta. Ta ƙasa farantin ƙarfe ya yi mata rumfa, amma wutar na zagaye da ita.

Mai Faci ya ce, "Bari in jiƙa buhu."

Ba lokacin buhu. Na zura hannu biyu.

Na sha ƙuna a rayuwata, tartsatsi abokina ne. Wannan daban. Na kama ta, ƙarfen jikinta ya kama ni. Ta maƙale a tsakanin rodin. Na juya ta a kaikaice, na ja, wayoyin suka tsinke, na faɗo da baya da ita a ƙirjina. Da Auta ta karɓe ta da mayafi, fatar tafina ta tafi tare da ita.

Mutane sun cika, ana ta yashi da ruwa. Auta ta durƙusa tana kallon hannuwana, sai yanzu kuka ya zo mata.

"Asibiti. Baba, tashi mu je asibiti."

"Ƙarfe nawa mutanenki?"

"Bar maganarsu."

"Na tambaye ki."

"Ya kusa."

"To me kike yi a nan? Ke likitar hannu ce?"

"Baba…"

"In kika bi ni asibiti, na ƙona su a banza. Tashi!"

Ban taɓa daka mata tsawa irin wannan ba. Ta tashi. Ta rungume abin a mayafi kamar jariri, wani mai mota ya ɗauke ta. Ni Mai Faci ya kai ni. A hanya na suma, wai. Ban yarda ba, amma haka ya ce.

Abin da ya faru a gidan Goggo daga bakinta na ji, tana zaune a gefen gadona tana ɓare min lemo.

Ta ce Auta ta shigo kamar wadda aka tono. Ta saman sif tana nan da ranta, amma ta yi shiru, ba ta karɓar komai ba ta ba da komai, kamar yadda yarinyar ta faɗa. Auta ta ajiye ƙonanniyar a kan tabarma. Fuskar na'urar ta narke, wayar wutarta ta tafi. Ta cire wayar rediyon Goggo ta sa mata.

"Rediyona, Yaya. Ko tambaya babu."

"Ci gaba."

"Ta danna. Shiru. Ta sake dannawa. Sai abin ya yi tari kamar kai da safe, fankarsa ta juya, wari ya cika ɗaki. Fitila ta yi ja. Muna kallo. Ja. Ja. Ni na karanta duk abin da na iya. Sai ta saman sif ta ƙifta, wannan ta ƙifta, kamar suna gaisawa. Sai kore, duka biyun."

Auta ba ta samu ta canza riga ba. Ta goge goshinta da ɗankwalin Goggo ta zauna gaban kwamfuta. Mutum uku suka fito, babbarsu wata tsohuwa mai tabarau. Goggo ba ta jin harshensu, amma ta ce fuska ba ta buƙatar tafinta. Tsohuwar ta ga jini ta tsaya, ta yi tambaya. Auta ta amsa a gajarce ta wuce kan aiki. Da aka zo inda za su ce ta kashe ɗaya, sai ta juya kwamfutar ta nuna musu abin da ke kan tabarma yana hayaƙi.

Daga baya Auta ta fassara min. Ta ce musu an riga an kashe mata, ba ɗaya ba, biyu, da fetur, yau da safe. Ta nuna musu daidai inda suka ɗauke, da inda ta ukun ta kama bakinta, da inda ta biyun ta dawo. Suka bi abin da aka tara tun farko. Ko layi ɗaya bai ɓata ba, kuma ba a rubuta ƙarya ko ɗaya ba a lokacin shirun. Tsohuwar ta cire tabarau. Sai ɗaya daga cikin mazan ya tambaya me ya sa biyu suke wuri ɗaya, alhali takardunta sun ce a rabe suke.

Na ce, "Me kika ce masa?"

"Na ce wani mai ƙaunata ne ya tsare min su."

Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Goggo ce ta faɗa a madadinta, safe da yamma, har ma'aikatan asibiti suka haddace. Ni abin da na sani, kejin bai karye ba. Wanda ya ga dama ya je ya duba, yana nan a tsaye cikin toka.

Likita ya ce na hagu zai dawo. Na dama yatsun ba za su ƙara rufuwa a kan guduma ba. Na ce masa shi ma bai san ni ba. 'Yan sanda sun zo sun yi rubuce-rubuce. Sun je gidan su Mai Sola, uwarsa ta ce ba ta gan shi ba. Ba su kama shi ba.

Bayan an sallame ni saƙon ya zo. Muna tsakar gida, Auta na ba ni shayi a baki da cokali, sabuwar wayarta ta yi ƙara. Ta karanta. Ta kife ta a kan tabarma ta ci gaba da ɗebo shayi.

"Mene ne?"

"Ba komai."

"Auta."

"Sun ɗauke ni."

"To?"

"Zan ce musu na gode."

"Ki gode ki tafi, ko ki gode ki zauna?"

Ta kalli bandejin. "Wa zai ba ka abinci? Wa zai ɗaura maka maɓalli? Ko buta ba ka iya ɗagawa."

Goggo daga kicin ta ce, "Wannan kam rahama ce ga jama'a."

Na ce, "Ga mai ba ni nan. Za ta ba ni da baƙar magana, amma zan ƙoshi."

"Baba, da bakinka ka ce in zauna."

"Na faɗa. Yanzu na ce ki tafi. Magana ta ƙarshe ita ake bi."

"Saboda ni hannunka…"

"Hannuna nawa ne, na kashe shi inda na ga dama. Ɗauki wayar nan."

Ta ɗauka. Ta daɗe tana kallona. Na kalli bango, don ba na son irin wannan kallo. Ta rubuta, ta karanta min da harshensu, sannan da namu: ta karɓa. Ta tura. Ta kifa kanta a gwiwata, na rasa hannun da zan dafa ta da shi, sai na sa gwiwar hannu.

Magana ba ta kwana a dangi. Yayyenta suka sani, matansu suka sani, gari ya sani. Ranar tafiya da safe, akwatunanta biyu na bakin ƙofa, tana ɗaki tana sa takalmi, wayata ta yi ƙara a aljihu. Lambar da ban sani ba. Na ce Goggo ta ciro ta riƙe min a gaban ido.

"Na ji an ɗauke ta. Hanyar tasha ɗaya ce, tsoho, kuma yanzu ba ka da hannu."

Goggo ta karanta tare da ni. "In gaya mata?"

"Ki gaya mata ta fasa? Kira Mai Faci, ya kira 'yan sandan nan, ya zo da duk wanda ke kusa. Sannan ki ɗauko min guduma a bayan ƙofa."

"Da me za ka riƙe ta?"

"Cire ɗankwalinki."

Ta kalle ni. Karon farko a rayuwarta ba ta yi musu ba. Ta ɗora ƙotar a kan damtsena na dama, daga gwiwar hannu zuwa bandeji, ta naɗe da ɗankwalin, ta ja da haƙori ta ƙulle. Zafin ya hau min har ƙwaƙwalwa. Na ɗaga. Ta zauna daram. Na saki hannun babbar riga a kanta.

Mota ta yi ham a waje. Auta ta fito cikin shuɗiyar rigar nan, an wanke ta, tabon hayaƙi bai gama fita ba. Ta ce, "Baba, ba sai ka raka ni ba."

"Shiga mota."

Direba ya ɗora akwatuna. Auta ta shiga baya ita da Goggo. Na sa ƙafa ɗaya a gaba ke nan, sai na ji shi daga ƙarshen layi. Na san ƙarar babur ɗin nan, shekara nawa yana tsayawa a ƙofata.

Na fitar da ƙafata. Na tura ƙofar motar da kafaɗa ta rufe.

Na ce wa direba, "Ja. Ko me ka ji a bayanka, kada ka tsaya."

Motar ta tashi. Na taka zuwa tsakiyar hanya, na girgiza hannun riga ya koma baya, guduma ta fito.